A-kori-kura yake so, sai muka auna mai

Tun kafin ya cika shekara 15 ɗan farina ya fara yi mini zancen a-kori-kura. Ba mota kawai yake so ba, sai mai bodi a baya, doguwa, irin wadda sai ka taka ƙarfe ka kama mariƙin ƙofa kafin ka hau. Ban ga laifinsa ba. A Houston muke zaune, kuma duk wanda ya san Texas ya san ƙasar a-kori-kura ce. Ka tsaya a danja ka duba hagu da dama, da wuya ka rasa uku ko huɗu. Likita yana hawa, malamin makaranta yana hawa, mutumin da bai taɓa ɗora ko buhun siminti ɗaya a bodi ba shi ma yana hawa, kullum a wanke fes. Wadda yaron ke kira da baki ita ce Ford F-150, wadda ita da danginta sun fi shekara 40 babu motar da ta kai su ciniki a Amurka.

Ni ma dai, tsakani da Allah, raina ya biya. Na tashi ne lokacin da Fijo 404 mai bodi ke cin kasuwannin ƙauye, buhunan gero a ƙasa, awaki a gefe, mu yara a saman kaya mun ƙanƙame ƙarfe. Direbanta a wurinmu sarki ne. Da na zo ƙasar nan har cigiyar Hilux na yi, aka ce ba a sayar da ita. Tun 1995 Toyota ta maye gurbinta da Tacoma. Daga baya na ji wani dalili mai ban dariya da ya sa a-kori-kurar waje ba ta cika shigowa ba. Tun 1964 Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su, ramuwar gayya ce a kan harajin da Turai ta sa wa kajin Amurka. Rigimar kaji ta wuce tuntuni, harajin yana nan daram. Na kawo wannan ne don a san ba ƙin motar nake yi ba. Da don kaina zan saya, da tuni an wuce wurin.

A Texas yaro yana karɓar lasisin koyo yana da shekara 15, in ya fara darasin tuƙi ya kuma ci jarrabawar dokokin hanya. Da wannan lasisi ba zai tuƙa shi kaɗai ba, dole babba mai lasisi wanda ya kai shekara 21 ya zauna gefensa. Sai ya riƙe shi wata 6, ya cika 16, ya yi awa 30 yana tuƙi da babba, 10 daga ciki da dare, sannan ya je gwaji a ba shi lasisin wucin gadi. Awa 30 ɗin nan ni da shi muka yi su a motar uwargida, kuma a cikinsu ne na gano ashe ƙafata ta dama tana taka burki ko ba ni ke tuƙi ba. Sai in dinga dirka ta a ƙasan mota, shi kuwa ya ce, "Baba, ai na gan shi." In ce, "Ka gan shi, amma ba ka ɗaga ƙafa daga totur ba."

Abin da na lura da shi, hannunsa ya faɗa da wuri, idonsa ne da saura. Yana kwana lafiya lau, yana ribas ya shiga tsakanin motoci biyu ba tare da ya goga ba. Amma ba ya hango abin da bai riga ya faru ba: yaron da ke gefen titi a kan keke, motar da ta kunna sigina alhali ba kwanan za ta yi ba, mai babbar mota da ke shirin shigo mana layi. Wannan ba a koya shi a awa 30. Akwai wata cibiya da kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, ana ce mata IIHS, aikinta karo da motoci a ɗakin gwaji da bin diddigin haɗurra. A lissafinta, in aka auna da nisan tafiya, direbobi masu shekara 16 zuwa 19 suna shiga haɗarin da ake rasa rai kusan ninki uku na waɗanda suka kai 20 zuwa sama. Da wannan a raina na zauna da shi zancen mota.

Na san in na ce a'a kai tsaye, zai yi shiru ne don ladabi, ya riƙe a ciki cewa Baba bai waye ba. Sai na bi ta wata hanya. Na ce, "Ni zan sayi motar, ni zan biya inshora. Mai kuwa kai za ka zuba." Lokacin ya fara aiki a wani kanti ranakun Asabar da Lahadi, ana ba shi dala 11 a awa. Ya amsa da sauri, irin amsar wanda bai taɓa tsayawa a gidan mai da kuɗin aljihunsa ba. Uwargida tana kicin tana jinmu, ta leƙo ta ce, "Ni dai ko jaki ne, in dai zai dawo mini da shi gida lafiya."

A nan ba a cewa lita nawa mota ke sha, mil nawa take yi a galan ɗaya ake faɗa. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne saura kaɗan, mil ɗaya kuma kilomita 1.6. Hukumar kare muhalli ta ƙasar, EPA, tana gwada kowace ƙirar mota ta ba ta lamba uku: ta cikin gari, ta babbar hanya, da ta haɗin biyun, inda take ba cikin gari kashi 55, babbar hanya kashi 45. Duk suna nan a shafin intanet na gwamnati, kyauta, kana iya jera motoci huɗu ka kwatanta. Muka buɗe kwamfuta bayan isha'i. F-150 ƙirar 2016 mai silinda 8, mai jan ƙafa huɗu, irin wadda yake mafarki: 15 a gari, 21 a babbar hanya, 17 a haɗe. Wato kamar kilomita 7 a lita. Tacoma mai silinda 6 mai jan ƙafa huɗu, wajen 20. Camry ƙirar 2018 mai silinda 4 kuwa 32, kusan kilomita 13 da rabi a lita.

Ya dubi lambobin ya ɗaga kafaɗa. Ya ce abokinsa yana da irin wannan F-150 ɗin, kuma ya ce ba ta shan mai haka. Na tambaye shi wa ke zuba wa abokin mai. Ya yi shiru.

Gani ya kori ji, sai na nufi wajen Alhaji. Alhaji mutumin Damagaram ne, bakanike, ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru, yana da ɗan gareji, yana kuma sayen motoci a gwanjo ya tura Kwatano. Yana da F-150 ɗin da muke zance, da ita yake jan motocin da ya saya. Na roƙe shi aronta na mako ɗaya, na bar masa tawa. Ya miƙo makulli yana dariya, ya ce da yaron, "Ɗana, wannan ba mota ba ce, raƙuma ce. Sai dai raƙumi yana shan ruwa ya yi kwanaki, ita kullum ƙishirwa take ji." Yaron ya ce, "Kawu, ai zan iya da ita." Alhaji ya ce, "Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Awon mai ba wuya gare shi ba, kuma ban yarda da lambar da motar ke nunawa a gaban sitiyari ba, na fi son lissafin hannu. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, kada ka ƙara ko ɗigo. Ka mayar da mitar tafiya sifili. Ka yi yawonka yadda ka saba. Ka dawo gidan man, in da hali famfon da ka sha da farko, ka sake cikawa har ya tsaya. Galan ɗin da ya shiga karo na biyu shi ne abin da ka ƙona. Ka raba mil ɗin da ka yi da shi. Na saya masa ɗan littafi na sa a durowar gaba, na ce shi zai rubuta.

Mako guda muka bi hanyoyin da zai dinga bi in ya samu mota: makaranta, kanti, masallaci, filin ƙwallo, gidan abokai. Shi ke tuƙi, ina gefe. Lokacin zafi ne, kuma zafin Houston mai ɗauke da gumi ne, AC ba ya mutuwa tun daga ƙofar gida. Ga danja kusan kowace mahaɗa, ga cunkoson yamma. Ga kuma ƙafar matashi: da an ba da kore sai ya danna totur, injin mai ƙarfin doki 385 ya yi gurnani, ya ji daɗi, taku kaɗan kuma ya taka burki a danja ta gaba. Duk man da ya ƙona don tayar da tan 2 da ɗoriya na ƙarfe ya tafi a banza. Ban hana shi ba, don gaskiyar tuƙinsa nake son littafin ya nuna.

Ranar Asabar muka koma gidan mai. Mil 232 muka yi, galan 16 ya shiga. Ya raba a wayarsa: 14.5. Ko 17 ɗin gwamnati ba mu kai ba, kilomita 6 ke nan a lita. Galan a lokacin yana wajen dala 3, na ce ya biya da katinsa in mayar masa, don dai ya ga kuɗin suna fita. Dala 48. Muna zaune cikin motar na sa shi ya ci gaba da lissafin. In zai yi mil 200 a mako, a-kori-kura za ta ci kusan galan 14, dala 41 ke nan. Ƙaramar mota, ko a ce 30 kawai ta ba shi, ba za ta kai galan 7 ba, dala 20. Bambancin a shekara ya haura dala 1,000. Na ce, "Yanzu raba 41 da 11." Ya raba. Kusan awa 4 na tsayuwa a kanti kowane mako, na tanki ne kawai. Na tuna masa watan Yunin 2022, lokacin da matsakaicin farashin galan a Amurka ya haura dala 5. Ya tuna, don a lokacin ne muka fasa wata tafiya. Ni kuma na tuna ƙanena a Kano, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya jingine babbar motarsa ya koma babur.

Akwai wani abu a lissafin nan da ni kaina sai a wannan makon na gane shi. Lambar mil a galan tana ruɗin ido. Daga 15 zuwa 20 tazarar 5 ce kawai, daga 30 zuwa 40 tazarar 10, sai ka ɗauka na biyun ya fi rage kashe kuɗi. Auna da tafiyar mil 10,000: mai yin 15 za ta sha galan 667, mai yin 20 za ta sha 500, an rage 167. Mai yin 30 za ta sha 333, mai yin 40 za ta sha 250, an rage 83 kacal. Ashe a can ƙasa, wajen manyan motoci, nan kowane mil ɗaya yake da tsada.

Na zaci an gama. Ashe ya tanadi wata hujja, kuma mai ƙarfi ce. Da dare ya same mu a falo, da uwarsa ya fara, don ya san inda zai taɓa. "Mama, ke kika ce wadda za ta dawo da ni lafiya. In aka yi karo, wanda ke cikin babbar mota ya fi tsira." Uwargida ta juyo ta dube ni.

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. In mota mai nauyi ta haɗu da mara nauyi, ƙaramar ce ke shan mafi yawan dukan. Shi ya sa a jerin motocin da IIHS da mujallar Consumer Reports ke fitarwa don matasan direbobi ba sa sa 'yan mitsi-mitsin motoci. Duk wadda ba ta kai nauyin fam 2,750 ba, kamar kilo 1,250, ba ta shiga. Amma na nuna musu ɗaya gefen jerin. Motoci masu ƙarfin inji fiye da kima ba sa ciki, manyan a-kori-kura da manyan jif su ma ba sa ciki, saboda suna da wuyar sarrafawa kuma sukan ja nisa kafin burki ya tsayar da su. Mota mai tsayi nauyinta yana sama, in aka fizgi sitiyari da gudu ta fi saurin kifewa. Sabon direba kuwa fizgar sitiyari ce farkon abin da hannunsa ke yi in ya tsorata.

Kwana biyu kafin mu mayar da motar aka yi ruwa da la'asar. Na ɗauke shi muka je wani makeken filin ajiye motoci da babu kowa. Irin wannan mota, in ba ka sa mata giyar ƙafa huɗu ba, tayoyin baya ne ke turawa, ga bodi wayam babu abin da ke danne su. Na ce ya yi kwana a hankali ya ɗan ƙara totur a tsakiyar kwanar. Sai bayan motar ya zame gefe, fuu. Wata fitila ta yi ta ƙiftawa a gabansa, motar ta yi ɗan ƙugi ta rage wa kanta ƙarfi ta miƙe. Na'urar hana zamewa ce, ESC, wadda ke taka burkin taya ɗaya-ɗaya da kanta. Doka ta wajabta ta a kan sababbin ƙananan motoci a Amurka tun daga ƙirar 2012. Ta yi aikinta, amma na ga yadda ya ƙanƙame sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka fito. A fili ne, da gudun da bai fi na keke ba. Daga nan na yanke a raina, ko wace mota ce, ba zan sayi wadda ta girmi 2012 ba.

Abin da ya kashe maganar kuwa a ƙofar gida ya faru. Na kashe injin, na zare makulli na sa a aljihuna, na ce ya zauna a kujerar direba yadda yake zama. Na kira Auta, shekararta 6, na tsayar da ita a gaban motar daf da bamba. Na ce, "Me kake gani a gabanka?" Ya ce, "Ƙofar gareji." Na kama hannunta muna ja da baya, taku ɗaya, biyu, uku, tana ta dariya ta zaci wasa ne. Sai da muka yi nisa sosai sannan ya ce, "Na ga ribbon ɗin kanta." Bonet ɗin motar ya kawo mini ƙirji, ni da nake babba. A watan Nuwamban 2023 IIHS ta fitar da wani bincike: motocin da gabansu ya haura inci 40, wato mita ɗaya da 'yan kai, in suka buge mai tafiya a ƙasa sun fi kashe shi da kusan kashi 45 cikin ɗari, in aka kwatanta da masu gaba mai gangare da bai wuce inci 30 ba. Ban karanta masa wannan ba a lokacin, ba a buƙata. Unguwarmu cike take da yara masu fitowa da gudu daga bayan motoci. Ya sauko, ya ɗauki Auta ya shiga da ita gida, bai ce komai ba. Uwargida da ke tsaye bakin ƙofa ta ce, "Malam, a mayar wa Alhaji motarsa."

Don kada ya ga an yi masa fin ƙarfi, na yarda mu nemi tsaka-tsaki. Akwai Ford Maverick, ƙaramar a-kori-kura da ta fito a ƙirar 2022, mai haɗin mai da batir, wadda EPA ta ba 42 a gari, 33 a babbar hanya, 37 a haɗe. Ta ma fi Camry tsimin mai a cikin gari, don batirin yana karɓar ƙarfin da burki ke zubarwa. Da ita aka samu, da kowa ya huta. Sai dai duk ta hannu da muka gani farashinta ya wuce abin da na ware da nisa. Tacoma kuma ba ta faɗuwa a kasuwa. Da kuɗin da zai saya maka Camry mai shekara 6, sai dai ka samu Tacoma tsohuwa da ta sha tafiya. Na kira kamfanin inshorarmu na ba su motoci uku su yi mini lissafi. Ƙara yaro namiji mai shekara 16 kaɗai ya kusa ninka mini kuɗin da nake biya, ko da wace mota ce. Sun ɗan rage saboda makinsa na makaranta yana da kyau da kuma takardar darasin tuƙi. Na kuma ƙi tsayawa a mafi ƙarancin da dokar Texas ta nema, dala 30,000 ga mutum ɗaya da aka ji wa rauni, 60,000 ga haɗari ɗaya, 25,000 ga dukiyar da aka lalata. Motocin da ke kan titin nan da yawa kowace ɗaya ta fi dala 25,000.

Asabar uku muka yi muna yawon duba motoci, Alhaji yana binmu in ya samu sarari. Wata ƙirar 2016 ta ja hankalinmu, fes da ita, araha kamar ba gaske ba. Mai ita ya fesa turare har yana hawa kai. Alhaji bai ko buɗe bonet ba. Ya buɗe but, ya ɗaga safaya, ya shafa yatsa a ƙasan ramin ya nuno mini busasshen laka. Ya durƙusa ya haska ƙarƙashin kujera da fitilar waya, ƙarafan duk tsatsa. Ya ja bel har ƙarshe, ga shatin ruwa a jiki. Ya ce da Hausa, yana yi wa mutumin murmushi, "Malam, wannan ta yi iyo." Houston garin ambaliya ne; guguwar Harvey kaɗai a watan Agustan 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, kuma ruwa in ya shiga wayoyin mota, yau lafiya gobe ciwo. Muka yi godiya muka tafi. A hanya Alhaji ya ce da yaron, "Ɗana, araha ba ta ado."

Wadda muka saya a ƙarshe Camry ce ƙirar 2018, silinda 4, ƙarfin doki 203, ta yi mil 90,000 da 'yan kai, a hannun wata dattijuwa da ta ajiye rasit ɗin kowane juyen baƙin mai a cikin ambulan. Tana da kyamarar ribas, tana kuma da burkin da ke kama kansa in ta hango mota ko mutum a gaba direba bai taka ba. Kafin in yi tayi na ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, na sa a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NHTSA, don in ga ko akwai gyaran da kamfani ya kira ba a kai ta ba. Na biya aka ciro mini tarihinta, babu haɗari, babu ambaliya, takardar mallakarta tsaf. Alhaji ya ɗaga ta sama a garejinsa, ya ce tayoyin gaba da takalmin burki ne kawai za a canja. Ta sa dala 16,000, na taya 14,500, muka daidaita a 15,000.

Sauran aikin takarda ne. A Texas in ka sayi mota a hannun mutum kana da kwana 30 ka je ofishin harajin gunduma ka mayar da ita sunanka. Mai sayarwa ya sa hannu a bayan takardar mallaka, ku cike fom mai lamba 130-U, ka nuna inshora, ka biya harajin kashi 6.25 cikin ɗari. A kan 15,000 ya kama dala 937 da rabi, ban da kuɗin rajista. Wannan ban sa shi a lissafina na farko ba, sai da na taɓa kuɗin da na ajiye don wani abu.

Ya ci gwajin tuƙi a karon farko. Lasisin wucin gadi yana zuwa da sharuɗɗa har ya cika 18: ba tuƙi daga ƙarfe 12 na dare zuwa 5 na asuba sai don aiki ko makaranta ko lalura ta gaggawa, ba ɗaukar fasinja fiye da ɗaya wanda bai kai 21 ba in ba ɗan gida ba ne, ba taɓa waya ko da ba a hannu take ba. Na ƙara nawa: ƙarfe 10 ta yi masa a gida, wata 3 na farko babu aboki ko ɗaya a motar, kuma littafin mai yana nan a durowa. Ranar farko da zai fita shi kaɗai uwarsa ta tsaya a taga tana ta addu'a har ya sha kwana. Cikon tankinsa na farko 27 ya samu. Na lura ya fara ɗaga ƙafa tun daga nesa in ya hango ja, ya daina barin inji a kunne yana jiran aboki. Na uku ya kai 31, ya ɗauki hoton shafin ya turo mini ina wajen aiki.

Ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah uwargida ta ce firizarmu ba za ta ɗauki naman layya ba, ta samo wata ta hannu a wata unguwa. Ni da shi muka je ɗaukowa a Camry. Muka buɗe but, muka kwantar da kujerun baya, muka juya ta ta nan muka juya ta ta can, ko kanta bai shiga ba. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. Ya jingina da motar ya naɗe hannu, yana ta ƙoƙarin danne dariya.

"Baba, da dai a ce..."

"Yi mini shiru. Kira Kawunka."

Alhaji ya zo da raƙumarsa, minti biyar aka ɗora aka ɗaure. A hanyar komawa na sa ya tsaya a gidan mai, na zuba masa na dala 20. Allurar ko motsin kirki ba ta yi ba.